Tashar Jirgin Ƙasa Ta Kano

Ran da za a sallame mu hutu, malaminmu na Labarin Ƙasa ya ɗora wa kowannenmu aiki. Ya ce kowa ya nemi wani wuri sananne a ƙasarsu, ya je ya duba shi da idonsa, ya zana taswirarsa, ya kuma binciko asalinsa, domin wanda zai koya wa yara labarin Masar da na Ingila bai kamata ya jahilci abin da ke ƙofar gidansu ba. Ni kuwa mutumin Garun Malam ne, abin da muka fi tinƙaho da shi su ne magudanan ruwan nan da suka taso daga madatsar Tiga suka ratsa gonakinmu, saboda haka na ƙudura su zan zana in huta.

Da na isa gida na gaya wa kakana niyyata, sai ya yi dariya, ya ce, "Kai ɗan nan, ruwan da na girme shi da shekara talatin da wani abu shi za ka kai wa malamai da sunan tarihi? In tarihi ka ke so, ka biya mini kuɗin mota in kai ka inda arzikin Kano ya shiga ya fita." Na ce, "Ina ke nan, Baba Tsoho?" Ya ce, "Tashar jirgi." Abin da na gani can, da abin da ya gaya mini, da abin da na tarar cikin littattafai bayan mun komo makaranta, su na ke so in shimfiɗa gaban malamaina da 'yan'uwana.

Mu fara da asali. Turawa sun ci Kano cikin watan Fabrairu 1903. A lokacin nan duk abin da zai fita Kano ko ya shigo, sai bisa raƙumi, ko jaki, ko takarkari, ko kan ɗan Adam. Fataken Gwanja su kan yi watanni kafin su komo da goro, ayarin Larabawan Tarabulus kuwa ya fi haka daɗewa cikin hamada. Can kudu an riga an fara shimfiɗa dogo daga Ikko tun 1896, har ya kai Ibadan cikin 1901. Gwamna Lugga bai so Arewa ta zauna jiran wannan ba. Shi nufinsa a ja wata hanya daga bakin Kwara, a riƙa sauke kaya daga jirgin ƙasa zuwa jirgin ruwa. Masu masaƙu na Ingila kuma suka goyi bayan shawarar, don an gaya musu ƙasar Kano da ta Zazzau ƙasar auduga ce.

Ba a fara aikin ba sai zamanin wanda ya gaje shi, Gwamna Girouard, da ya zo cikin 1907. Shi mutumin Kanada ne, gwanin aikin dogo, shi ya ja wa Turawa layi cikin hamadar Sudan shekara goma kafin zuwansa nan. Aka zaɓi wani ƙauye a bakin Kwara, ana ce da shi Baro, aka ɗauko aiki daga can ƙarƙashin wani injiniya, Mista Eaglesome. Hanyar ta biyo ta Minna da Kaduna da Zariya, tsawonta mil 356, faɗin tsakanin kwangiri da kwangiri kuwa ƙafa 3 da inci 6. Dogo ya iso Kano cikin watan Maris 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga jama'a cikin Afrilu 1912. Cikin wannan shekara layin Ikko ya sadu da shi a Minna, aka gama su suka zama abu guda. Amma fa har 1916 sai a tsaya a Jebba a ƙetarar da taragai cikin jirgin ruwa, kafin a gama gada. Daga Kano zuwa Ikko kimanin mil 700 ne, watau kilomita 1,126.

Littattafai sun adana sunayen gwamnoni da injiniyoyi, ba su adana na waɗanda suka ɗauki ƙasa a ka ba. Kakana ya ce mahaifinsa na cikinsu. Umurni ya kan fito daga Razdan zuwa ga Sarki, daga Sarki zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa ga dagaci, a ce gari kaza ya ba da mutum kaza, kuma ba a tambayar wanda aka nuna ko yana so. Haka aka ɗebe shi yana saurayi, ya yi makonni yana jidar ƙasa da kwando wajen Madobi. Da aka sallame su aka biya su da kuɗin ƙarfe, ya kawo gida uwarsa ta rasa abin da za ta yi da su, gama ita wuri ta sani. Ashe ta wannan hanya sule da sisi suka fara shiga ƙauyukanmu, da su kuma aka koma biyan haraji. In mun yaba wa mai awo, kada mu manta da mai kwando.

To, ranar wata Asabar muka yi sammako. Muka bi hanyar Zariya ta Kura, muka haye gadar Tamburawa, muka shiga gari ta Na'ibawa da Gyaɗi-gyaɗi, muka bar Ƙofar Nasarawa a hagunmu. Abu na fari da mai zanen taswira zai lura da shi, shi ne tashar ba ta cikin birni. Layin da ya fito daga Zariya ya biyo ta Ɗangora da Yako da Madobi da Kwankwaso, ya haye kogin Chalawa, ya ratso Sharaɗa, sa'an nan ya bi bayan ganuwa bai keta ta ba, ya zo ya tsaya gabas da birni, tsakanin Fagge da Nasarawa. Wannan kuwa da gangan aka yi. Birni na Sarki ne da talakawansa, ba a yarda baƙo ya kafa kanti ko gida ciki yadda ya ga dama ba. Nasarawa mazaunin Razdan ne da ma'aikatansa, nan kuma Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa cikin 1909. Sai aka ajiye tasha a fili tsakanin biyun, kowa ya iya zuwa gare ta ba tare da ya ratsa gidan wani ba.

Daga nan tasha ta zama kamar turke, aka yi ta ɗaure unguwanni a jikinta. Kusa da ita aka yanka wa kamfanonin Turawa filaye, irin su Kamfanin Neja da Jan Holt da na Faransawa, aka ja musu 'yan rassan dogo har bakin ɗakunan ajiyarsu. Nan banki ya zauna, nan gidan waya ya zauna, shi ya sa har yau titunan wurin ke amsa sunan Ikko da Neja da banki da gidan waya. Kwarori suka sami nasu wuri gefen Fagge, inda Kantin Kwari ya samo sunansa. Akawuna da leburori da masu sana'a da jirgi ya kwaso daga kudu, da Saliyo, da Gwalkwas, aka yanka musu Sabon Gari daga arewa cikin 1913. Dokar garuruwa ta 1917 kuma ta ce a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don tsoron cizon sauro. Duk wanda ya ke mamakin yadda Kano ta rabu kashi kashi, birni dabam, waje dabam, to, ya fara bincikensa daga bakin dogo.

Da muka shiga muka yi sallama da wani dattijo ma'aikacin wurin, kakana ya gaya masa abin da ke tafe da mu, ya ce, "Bismilla, Malam, ku duba, ai an daɗe ba a tambaye mu labarinta ba." Tsarin tashar kashi uku ne. Na fari shi ne wajen fasinja: gini mai tsawo da ya bi layi, a cikinsa akwai tagar sayar da tikiti, da ɗakunan jira, da ofishin sarkin tasha, gabansa kuma dakali mai rumfa inda jirgi ke tsayawa. Na biyu shi ne wajen kaya, inda babban ɗakin ajiya ya ke da sikeli, da layuka da yawa jere da juna inda a ke warware taragai a sake ɗaura su, wannan na Ikko, wancan na Fatakwal. Na uku shi ne loko, watau asibitin kawunan jirgi, inda a da a ke ba su ruwa da kwal, a wanke su, a gyara abin da ya lalace. Bayan waɗannan sai gidajen ma'aikata. Layin bai ƙare nan ba, ya zarce arewa maso gabas ta Jogana da Ringim da Gagarawa da Malam Madori, har Nguru, inda ya kai cikin 1930.

Kakana ya tsaya bisa dakalin nan ya yi ta nuna mini da sandarsa. Ya ce taragan fasinja hawa uku ne, faskila, da sikinkila, da na gama-gari mai bencin katako, kowanne da kuɗinsa da mutanensa. Ya ce ran da jirgin Ikko zai tashi, tun da hantsi wurin ya ke cika, ga 'yan dako, ga masu tallan gurasa da ƙosai da rake, ga mata da ƙullin kaya, ga masu rakiya da suka fi matafiya yawa. In sarkin tasha ya ba da izini, gadi ya busa usur ya ɗaga tuta, jirgi ya yi kuka, sai ka ga manyan mutane na share hawaye da bakin riga. Ya ce mutanen Fagge da kukan jirgi su ke sanin lokaci. Tafiyar da fatake ke yi fiye da wata guda, ta koma kwana biyu ko uku.

Sai dai abin da Turawa suka shuka ba shi ya tsiro ba. Auduga suka zo nema, amma masaƙan Kano na sayenta da tsada fiye da yadda kamfani zai iya biya. Manomi kuwa ya san lissafinsa. Ya ga gyaɗa ba ta wahalar da ƙasa, in ba ta sayu ba a ci ta, harawarta kuma dabbobi su ci. Attajiran goro, da suka san kowane ƙauye da kowane dillali, suka baza yaransu da kuɗi da gishiri da tufafi, suna cewa a shuka gyaɗa. Da kakar 1912 ta yi, gyaɗa ta yi ta kwararowa bisa jakai da raƙuma har tasha ta rasa inda za ta zuba ta, taragai suka kasa. Damina ta gaba ruwa ya ɗauke, aka yi yunwar nan ta 1914 da a ke kira Ƙaƙalaba, mutane da yawa suka halaka. Duk da haka ciniki ya sake tashi. Cikin 1918 Kamfanin Neja ya ɗauki Alhasan Ɗantata ya riƙa saya masa gyaɗa, kafin rasuwarsa cikin 1955 kuwa babu attajirin da ya kai shi a wannan yanki na Afirka.

Game da dalar gyaɗa da mu ke alfahari da ita, kakana ya faɗa mini abin da ban taɓa tunani ba. Shi ya yi dako a filin dala na Ƙofar Mazugal shekara uku yana saurayi. Ya ce, "Ku kuna ganin hoto kuna cewa arziki. Arziki ne, amma arzikin da ya rasa abin hawa. Da jirgi na kwashewa yadda a ke kawowa, wa zai tsaya jera buhu har sama?" Da na duba littattafai sai na tarar haka ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kawunan jirgi da taragai sun tsufa, ba a sami sababbi da wuri ba, har gyaɗar wata shekara ta kan tarar da ta bara ba a kwashe ba. Ashe dala shaida biyu ta ke bayarwa, ƙwazon manomi da gazawar dogo.

Ba kaya kaɗai tashar nan ta gani ba. Cikin 1925 ɗan Sarkin Ingila ya sauka nan daga Ikko aka yi masa hawan daba, cikin shekarar kuma jirgin sama ya fara sauka Kano. Cikin 1945 ma'aikatan reluwe, da shugabansu Michael Imoudu, suka shiga gaba wajen babban yajin aiki, jirage suka tsaya cik fiye da wata guda saboda tsadar rayuwa. Cikin 1955 aka mai da reluwe hukuma mai cin gashin kanta, aka kuma fara kawo kawunan da ke shan mai maimakon kwal. Akwai kuma ranar baƙin ciki, wadda ba daidai ba ne a tsallake ta. Farkon Oktoba 1966 tarzoma ta tashi, aka kashe mutanen Gabas da yawa a Kano, har da waɗanda suka taru a tasha suna jiran jirgin da zai kai su gida. Da muka zo wannan magana kakana ya yi shiru, can ya ce akwai wani akawun sikeli da ya kan ba shi bashi in kuɗinsa sun yanke, tun daga ran nan bai sake jin ɗuriyarsa ba. Ya ce, "Ko ya tsira ko bai tsira ba, Allah ya sani. Har yau ina riƙe da sulensa uku." Direbobi da makanikai da akawuna masu yawa suka tafi ba su komo ba, aikin jirgi kuma ya ji a jikinsa.

Daga nan abubuwa suka taru suka yi wa dogo rubdugu. Aka shimfiɗa kwalta, manyan motoci suka ƙwace kaya. Aka yi fari daga 1972 zuwa 1974, cikin 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa, dala ta ɓace. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma daga abin da ƙasa ke tsirarwa. Jirgi ya riƙa latti, daga latti sai fashi, har aka wayi gari yara sun tashi a Kano ba su taɓa jin kukansa ba. An gyara hanyar, jirgin fasinja ya sake tasowa daga Ikko zuwa Kano cikin Disamba 2012, tafiyar na cin sa'a talatin da 'yan kai, ya yi 'yan shekaru yana yi, sa'an nan ya sake tsayawa. Ran da muka je, mun yi wuni ba mu ga jirgin da ya shigo ko ya fita ba. Ciyawa ta fito tsakanin kwangiri, awaki na kiwo gindin tsofaffin taragai.

Wani zai ce, to, mene ne ruwan mutumin Garun Malam da wannan? Ga ruwansa. An gama madatsar Tiga cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya iso Kadawa da Kura da Bunkure, ƙasar da a da a ke noma sau ɗaya a shekara ta koma ba ta hutawa. Muna noman shinkafa da alkama da albasa da tumatir. Watau ruwa ya zo mana daidai lokacin da jirgi ke barinmu. Gyaɗa tana da haƙuri, ta kan yi shekara cikin buhu tana jira. Tumatir ba ya jiran kowa. Duk wanda ya je kasuwar Kwanar Gafan da rani ya ga kwanduna jere iyakar ganinsa, ya san dalar gyaɗa ta komo da wata kama, sai dai wannan dalar kwana uku ta ke yi ta zama ruwa. Bara mahaifina da maƙwabtansa suka haɗa kuɗi suka yi wa wata mota lodi zuwa Ikko. Motar ta lalace a hanya, ta kwana huɗu, abin da ya isa kasuwa bai biya kuɗin kwandunan ba. Saura kaɗan in rasa komowa makaranta a wannan zango, sai da aka sayar da tumaki biyu na mahaifiyata. Tashar Madobi kuwa tana nan kusa da mu, mahaifin kakana ya ɗauki ƙasarta a ka.

Yanzu an ɗauko sabon aiki. An buɗe sabon dogo tsakanin Abuja da Kaduna cikin 2016. Cikin 2021 aka ƙaddamar da na Kaduna zuwa Kano, da kuma na Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Katsina, wadda ɗaliban tsohuwar Kwalejinta su kan sauka jirgi a Kano su ƙarasa ta hanyar ƙasa, ga shi an sa ta cikin lissafi bayan shekara ɗari. Cikin 2023 kuma aka buɗe tashar kaya ta kan tudu a Zawaciki. Amma faɗin sabon dogo ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, saboda haka jirgin sabo ba ya hawa tsoho, na tsoho ba ya hawa sabo. Abin da ke damuna biyu ne. Na ɗaya, kada a bar tsohuwar tasha ta rushe ko a yanka filinta a sayar, gama ita ce mabuɗin fahimtar yadda Kano ta waje ta ginu. Na biyu, kada a sake kuskuren farko, a ja layi saboda abin da manya ke zato, ba a tambayi manomi abin da ya ke shukawa ba. In za a yi jirgi, a yi masa taragai masu sanyi da wurin lodi kusa da masu noman rani.

Da za mu fito, kakana ya tsaya bakin tagar tikiti ya leƙa, ya ce da ni cikin wasa, "Tambaye su ko akwai na Nguru." Na ce, "Baba Tsoho, in an gama sabon, ni zan saya maka na faskila." Ya ce, "Ka dai saya wa 'ya'yanka. Ni nawa jirgin ba ya bukatar tikiti." Muka yi dariya, amma maganar ta bi ni har gida.

Taswirar da na zana tana wurin malaminmu, wanda ya ke so ya gani ya tambaye shi. Roƙona ga 'yan'uwana, mu da za a rarraba makarantu nan gaba kaɗan, shi ne kowa ya ɗauki yaransa ya kai su tasha, ko kasuwa, ko marina, ko gindin ganuwar da ke kusa da su, ya kuma nemi tsoho guda ya tafi da shi tun tsofaffin ba su ƙare ba. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. Ni da na tsaya kan magudanan ruwanmu kaɗai, da na zana inda amfanin gona ke fitowa, ban san dalilin da ya sa ya ke ruɓewa a hannunmu ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka ɗauki ƙasar dogo, da waɗanda suka rasu a bakinsa, ya sa mu ga ranar da tumatirin Garun Malam zai kwana cikin tarago ya wayi gari a Ikko. Amin.